Likitan Ciyawa da Sanƙon Fili

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a filin wasa na garinmu, kuma a duk shekarun nan babu abin da na ƙware a kai kamar hana ciyawa fitowa. Kada ku yi dariya, sana'a ce. Wanda bai san wasan kurket ba zai ga fili kore shar ya yaba wa ma'aikata. Wanda ya sani ba ruwansa da koren, tsakiya yake kallo, inda akwai wani zirin wuri mai tsawon taku ashirin da biyu, busasshe ƙayau, mai tauri kamar siminti. Mu daɓe muke ce masa. A kansa mai jifa yake jefo ƙwallo ta dira ta yi tsalle, mai bugu ya make ta da sandarsa kafin ta kayar da wasu sanduna uku da aka kafa a bayansa. In daɓe ya yi laushi, to babu wasa, kowa ya kama hanyar gidansu.

Da aka ba ƙasarmu gasar ƙasa da ƙasa ta wasan yini guda, irin wanda kowane ɓangare zai yi jifa ɗari uku a tashi kafin faɗuwar rana, wata uku na kwashe ina lallashin daɓe uku da ke jere da juna. In yayyafa ruwa da awo, in hau rola in yi ta kai da komo ina daddalewa, in bar wa rana sauran aikin. Manaja ya ce in gasar ta ƙare lafiya za a tabbatar da ni shugaban masu kula da fili. In kuwa daɓe ya samu matsala, ya ce kada in jira a kira ni, in ajiye makullai da kaina.

Ana haka sai ga Yaya ta zo gidana. Ita ce babbarmu, ni ne autanmu, kuma ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

"Auta, na ji ana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi a wurinku."

"Ana ɗauka, Yaya. Masu shara da masu jan tamfol."

"To ga mijina."

"Yaya, don Allah ki roƙe ni wani abu daban."

"Mako biyu ne fa kawai. Ya fita da safe kamar kowane magidanci ya dawo da yamma, ni ma in samu kunnena ya huta."

Mijin Yaya yana da ɗan lambun furanni a bakin titi, da allo wanda ya fi lambun girma, an rubuta Likitan Ciyawa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, unguwa kuma ta taƙaita shi zuwa Likita. Mutum ne mai hannun shuka, wannan ba zan ci amanarsa ba, ko tsinke ya soka a ƙasa sai ya yi ganye. Matsalarsa ɗaya ce: bai taɓa ganin abu a duniya ya yarda cewa haka masu shi suke son sa ba. An taɓa ɗaukarsa ya rage wa wani gida shinge, ya sare shi har ƙasa wai don ya huta.

Ƙa'idar wurinmu ita ce sabon ma'aikaci sai tsohon ma'aikaci ya tsaya masa. Na kalli idon Yaya, na kalli fam, na sa hannu.

Kwana biyu bayan haka na je aski a unguwarsu, na tarar da shi a shagon ya harɗe ƙafa, rigar ma'aikata mai ruwan lemo a kafaɗa, tela da mai faci suna gefe.

"Sau uku suka aiko," in ji shi. "Na farko na ce ba ni da lokaci. Na biyu na ce su nemo wani daga waje. Na uku da na ga abin zai zama abin kunyar ƙasa, sai na ce to."

Tela ya ce, "Ni kuwa shara na ji an ce za ka yi."

"Tsintsiyar don kada a gane ni ne. Sai na gama bincike tukuna."

Mai faci ya ce, "Wai shi wasan ma yaya ake yin sa?"

"Ba wuya. Wani ya jefa, wani ya make, sauran su tsaya a rana suna hira. Da tsakar rana a tafi cin abinci. Na buga shi da ƙuruciya, rashin abokin karawa ya sa na bari."

Mai aski ya dube ni ta madubi. "Auta, haka ne?"

Na ce ya rage mini gefe da gefe, saman ya bar shi.

Ranar farko da Likita ya taka fili ya yi ta jinjina kai yana murza ciyawa da yatsu, har ya ce ba laifi. Yana isa tsakiya ya ja birki ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Auta, wannan sanƙon fa?"

"Daɓe ne. A kansa ake wasan."

"Duk faɗin filin nan a rasa inda za a yi wasa sai inda ya mutu?"

"Bai mutu ba. Da gangan muka yi shi haka."

"Haka mai aski ya ce ranar da ya kwashe wa tela rabin gira."

Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ɗauko ƙwallo na buga a daɓe ta yi tsalle, na buga a ciyawa ta kwanta. Ya saurare ni da irin tausayin da ake sauraron mara lafiya, sannan ya dafa kafaɗata.

"Ba abin kunya ba ne, ƙanena. Ƙasa ce ta fi ƙarfinka. Kowa da inda iliminsa ya tsaya."

"Likita, ka taɓa duk abin da kake so a filin nan, ban da wurin nan."

"Na ji."

Ashe rabin farko na maganar kawai ya ɗauka. Washegari 'yan wasan baƙi suka fito atisaye aka nemi sandunan nan uku-uku aka rasa, na wannan kan daɓe da na wancan, shida cif. Bayan awa guda aka gano su a wurin ajiye motoci, Likita ya tokare wasu ƙananan itatuwa da su ya ɗaure da tsumma. Ya ce ya ga an kafa su babu shuka a jiki, ya ɗauka mantuwa aka yi.

A wasan farko, tsakanin wasu ƙasashe biyu baƙi, aka tsayar da shi bayan igiyar da ta kewaye fili ya riƙa tsince robobin ruwa. Wani ya maka ƙwallo ta taho tana gangarawa, ɗan wasa ya biyo ta da gudu kamar zai tashi sama. Saura taku biyu ta taɓa igiya Likita ya tsallako, ya tare ta da tsintsiya, ya ɗauka ya goge da rigarsa ya miƙa wa ɗan wasan da hannu biyu. Har ya nuna masa cewa gefe ɗaya ya goge, ya kamata a sayo sabuwa. Fili ya ɗauki ihu. Babban allo ya hasko fuskarsa, shi kuwa ya cire hula ya ɗaga wa jama'a hannu gabas da yamma. Minti goma alƙalan wasa suna gardamar maki nawa za a rubuta.

Manaja ya kira ni ofis.

"Wannan mai tsintsiyar, naka ne?"

"Mijin yayata ne, Yallaɓai."

"Saura sau ɗaya. In ya ƙara, ba shi kaɗai zai fita ba."

Sai na yi dabara, irin dabarar da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na ce bari in ɗauke shi daga idon jama'a in kai shi inda ba zai ga ƙwallo ba. Na mayar da shi sito ya yi gadin kayan aiki. Da hannuna na ba shi makullin ɗakin da tiyo yake, da baro, da shebur, da fatanya, da manjagara.

A unguwa kuwa ya ce ƙarin girma aka yi masa, an ba shi ofis. Ya ce duk wanda ya ga yadda ya ceci ƙwallon nan a talabijin bai ga komai ba, su jira wasan ƙarshe, ranar da ƙasarmu za ta kara da masu riƙe da kofi. Ya yi wa unguwa kaf alkawarin kujerun manyan baƙi.

Ana gobe wasan, da la'asar hadari ya haɗo. Na duba daɓena uku, na shafa su da tafin hannu, na ji su sumul, muka ja tamfol muka rufe. Muna gamawa aka ce Ciyaman na kwamitin gasa yana son ganin duk ma'aikata a zaure. Awa uku bawan Allahn nan yana yi mana jawabi a kan kishin ƙasa da muhimmancin kowa ya tsaya a bakin aikinsa, alhali babu ko mutum ɗaya a bakin aikinsa, duk muna zaure muna tafi. Na waiga ban ga Likita ba, har na gode wa Allah da ba zai tashi ya yi tambaya ba.

Abin da ya faru a awa ukun nan daga bakin mai gadi na ji shi daga baya. Ya ce Likita ya shigo da amalanke sawu uku, biyu taki, ɗaya dashen ciyawa. Da ya tambaye shi, sai ya nuna sama da yatsa ya ce, "Umarni ne." Mai gadi ya ga rigar ma'aikata, ya ga makulli, ya ga kuma mutumin da aka nuna a babban allo. Har taya shi tura amalanken ya yi.

Da safe gari ya tashi da lumshi, don haka Manaja ya ce kada a yaye tamfol sai alƙalai sun fito. Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Kafin ƙarfe tara fili ya cika maƙil, tutoci ko'ina, masu ganga suna ta kiɗa. 'Yan unguwar Likita suka iso a motar haya, aka kora su can saman benen da babu rumfa. Na hango Yaya a cikinsu da sabon ɗinki, tana ta nuna wa mata inda mijinta yake.

Shi kuwa ya ci kwat ɗin aro a ƙarƙashin rigar ma'aikata. Ya matso kusa da ni ya kashe ido ɗaya.

"Yau za ka gode mini, Auta."

Na juyo na dube shi. "Me ka yi?"

"Haƙuri. Ba a buɗe kyauta sai baƙi sun zauna."

Alƙalai biyu suka fito, kyaftin biyu suka biyo su, ga mai gabatarwa da makirfo, ga masu kamara, ga Ciyaman yana gyara zaman hula. Aka yi mana alama mu yaye. Tun kafin in kama bakin tamfol ƙafata ta ce caɓal. Na ga ƙudaje. Muka ja.

Warin ne ya fara fita. Kyaftin ɗin baƙi ya toshe hanci da hularsa. Daɓen da na yi wata uku a kansa an kafce shi da fatanya tun daga wannan kai har wancan, an zuba taki, an ja kunya-kunya, an dasa ciyawa layi-layi a miƙe kamar an sa igiya. Ba ɗaya ba, duka ukun. Ya kewaye su da furanni ja da rawaya. Tiyo yana kwance a tsakiya yana ta tsiyaya tun jiya, domin sabon dashe yana son ruwa. A inda sanduna uku za su tsaya kuwa ya kafa ɗan allo: Aikin Likitan Ciyawa, da lambar wayarsa a ƙasa.

Mutum dubu talatin suka zuba ido. Babban allo ya hasko lambar wayar.

Babban alƙali, wani dattijo mai farar hula, ya taka don ya gwada taurin ƙasar. Ya ɗago ƙafa da safa kawai, takalmin ya zauna a ciki.

Ban ankara ba Likita ya isa gaban mai gabatarwa ya kama makirfon da hannu biyu.

"Ba sai an gode mini ba," muryarsa ta karaɗe fili. "Na zo na tarar da sanƙo a tsakiyar filin ƙasa, duniya tana kallo. Na ce ba da ni ba. Yanzu dai a yi haƙuri a matsa gefe a yi wasan, ga wuri nan ko'ina. Nan da mako uku in kuka dawo ba za ku gane wurin ba."

Daga saman bene na ji muryar tela tsaf. "Ai ko yanzu ba su gane shi ba!"

Mai faci ya ɗora, "Likita, a sa mana tumatir a layin ƙarshe!"

Ciyaman ya fara rawar jiki yana ba da umarni ta ko'ina. A busar da shi! A kawo fanka! A kawo duk abin da ke fitar da zafi! Aka yi shela da lasifika. Abin da idona ya gani a awa biyun da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gani a wurin aikinsa. Ma'aikata suna tuge ciyawa, Likita yana bin su yana ƙwacewa yana mayarwa. Aka jawo waya tun daga ofis. Mai aski ya hau babur ya je ya ɗauko na'urar busar da gashi, ya durƙusa yana hura wa taki iska kamar kan amarya. Tela ya karɓi dutsen guga daga ɗakin wankin 'yan wasa, ya shimfiɗa tawul a kan laka yana gogewa, har yana tambaya ko a fitar da kari. 'Yan wasan baƙi suka jeru suna ɗauka da wayoyinsu, ɗaya dariya ta kayar da shi ƙasa.

Ni ina tsaye da shebur, na kasa ko ɗaga shi. Ba fushi nake ji ba a lokacin, baƙin ciki ne zalla, don na san kowane taku na wurin nan, na kuma san babu dutsen gugar da zai dawo da shi.

Sai na ji ƙarar rola.

"Ku kauce!" in ji Likita daga kan kujerar. "Tunda tauri kuke so, yanzu za ku ga tauri!"

Bai taɓa tuƙa ko keke mai inji ba. Rola ta yi baya da farko ta murƙushe teburin da aka ɗora kofin gasa don ɗaukar hoto, Allah ya sa wani ya fizge kofin. Sannan ta yi gaba, Ciyaman ya ranta a na kare, ta faɗa tsakiyar daɓe ta nutse har rabi, ta yi tari sau biyu ta mutu. Likita ya miƙe tsaye a kanta ya duba ƙasa.

"Kun gani? Ƙasar ta sha ruwa yadda ya kamata."

Ƙarfe goma sha biyu alƙalai suka soke wasan. Robobin ruwa suka fara sauka kamar ƙanƙara, 'yan sanda suka kewaye rola suka sauko da shi, yana ce musu su yi hankali da furannin. Kafin jama'a su gama fita kwamiti ya fitar da sanarwa cewa an soke wasa saboda ruwan sama. Mutanen da rana ta gasa tun hantsi suka karanta a wayoyinsu suna share gumi.

To amma ruwan sama ba shi da katin aiki da za a ƙwace. Aka tara mu a ofis, Ciyaman yana huci, laka har gwiwar wandonsa.

"Wa ya kawo mutumin nan? In babu wanda ya tsaya masa, ɗan kutse ne, a wuce da shi a rufe."

Manaja ya buɗe fayil ya rufe, ya dube ni. Na gane abin da yake nufi: fam ɗin zai iya ɓata, in na yi shiru. Ta taga ina hango Yaya a bakin ƙofar fili, ta kama ƙarfen da hannu biyu, matan da ta gayyato duk sun watse sun bar ta.

"Ni ne, ranka ya daɗe," na ce. "Mijin yayata ne. Ni na ba shi makulli."

Na ciro makullan daga ƙugu na ajiye a tebur, na ɗora katina a kai. Babu wanda ya ce in dakata.

Da yamma aka sako shi. Muka taho mu uku a ƙasa, Yaya tana kuka ƙasa-ƙasa tana cewa in yafe mata, ni ina cewa ba komai, alhali da komai. Likita yana gaba, wayarsa sai ƙara take yi, masu zagi ne daga ƙasashe daban-daban, shi kuma yana amsa kowanne da cewa a yi masa uzuri, aiki ya yi masa yawa a wannan makon. Da muka kai mararraba ya juyo ya dafa kafaɗata.

"Kada ka sa damuwa a ranka, Auta. Wurin nan ba su san darajar ma'aikaci ba, ni ma ka ga yadda suka yi mini. Gobe ka zo lambu, zan ɗauke ka. Amma fa gaskiya ɗaya ce, shekara goma sha ɗaya ka yi kana kashe ƙasa, sai ka yarda ka fara daga ban ruwa."

Na buɗe baki, Yaya ta matse mini hannu. Ina da mata da yara uku. Washegari ƙarfe bakwai ina bakin titi riƙe da tiyo, yana zaune a kujera yana gaya mini ba haka ake riƙewa ba.